Wa Ya Auna Mu Kafin Ya Yanka Rigar?

Yau magana nake tafe da ita a kan wani ɗan ƙyalle da bai kai faɗin yatsu biyu ba, wanda ake ɗinkawa a wuyan riga ta ciki. A jikinsa za ku ga harafi ko lamba: S, M, L, XL, ko 8, 10, 12. Ƙanƙantarsa ba ta hana shi sa yarinya hawaye a tsakiyar kasuwa ba, ba ta kuma hana shi sa yaro ya ƙi zuwa walimar ajinsu ba. Duk wanda Allah Ya yi shi da jiki ya san abin da nake nufi, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda kuwa bai taɓa rasa riga daidai shi ba, ya yi haƙuri ya karanta har ƙarshe, domin akwai wanda suke zama benci ɗaya a aji da maganar nan ta shafa.

Ni 'yar Bomo ce, nan kusa da Samaru, kuma ina aji biyu a Jami'ar Ahmadu Bello. Tun ina firamare na fi sa'o'ina jiki. Haka mahaifiyata take, haka Goggona take, an ce haka kakarmu ma take. A gidanmu ba a taɓa ɗaukar wannan a matsayin abin damuwa ba, saboda kayanmu duk na tela ne. Idan Salla ta matso, Baba ya sayo atamfa ko shadda, a kai mu shago, tela ya zagaya mu da tef ɗin awo, ya rubuta a littafinsa. 'Yar siririyar cikinmu da mai jikin cikinmu duk rana ɗaya muke karɓo ɗinki, rana ɗaya muke yin kwalliya.

Abin ya fara canzawa ne da muka shiga babbar sakandare, lokacin da ɗinkakkun kaya suka zama abin yayi a tsakanin 'yan mata: abaya mai duwatsu, doguwar riga 'yar kanti, riga da siket irin waɗanda ake gani a Instagram da TikTok. Samari kuma suka koma wandon jins da jesin ƙwallo. An ce zamani riga ne, to amma wannan rigar ba kowa aka yanka wa ita ba.

Duk mai jikin da ya taɓa hawa mota daga Samaru, ya bi ta Kwangila da PZ ya sauka Kasuwar Sabon Gari don neman ɗinkakkiyar riga, ya haddace kalaman da ake tarbarsa da su. Tun kafin ki ɗaga rigar mai shago zai dube ki sama da ƙasa ya ce, “Hajiya, wannan ba za ta shige ki ba.” Wani ya ce, “Gaskiya babu daidai ke, sai dai ki leƙa layin iyaye mata.” Mai kirkin cikinsu ya shiga can ƙuryar shago ya zaro guda ɗaya ko biyu, baƙa ko ruwan ƙasa, ba tsari ba ado, kamar an huda wa buhu wuya. Kuɗinta kuma ya ɗara na sauran. Akwai kuma wadda ake ce wa “firi saiz”, wai kowa tana yi masa, alhali kowa ɗin nan yana da iyaka, kuma iyakar ba ta iso kaina ba. Abin mamaki, sau da yawa a wajen masu gwanjo nake dacewa, domin dilolin da ake kawowa daga Turai da Amurka sukan zo da manyan kaya a ciki.

Bayan na gama sakandare, kafin in samu gurbin karatu, na yi watanni ina koyon ɗinki a wani shago a Samaru. A can na gane inda gizo ke saƙar, kuma shi nake so ku ma ku gane tun yanzu.

Tela mai kyau ba ya taɓa almakashi sai ya auna mutum a wurare da dama: faɗin kafaɗa, kewayen ƙirji, ƙugu, kwankwaso, damtse, tsawon hannu, tsawon riga. Antin da ta koya mini ɗinki takan ce ba ta taɓa ganin mutum biyu da awonsu ya zo ɗaya daga sama har ƙasa ba, ko da uwa ɗaya uba ɗaya suke. Masana'anta kuwa ba ta san wanda zai sa rigar ba. Dubbai take ɗinkawa a lokaci guda, don haka dole ta yi hasashe. Sai ta ɗauki wani jadawalin awo, ta kasa mutane gida biyar ko shida, ta ba kowane gida harafi. Wanda jikinsa ya faɗa cikin gidajen nan ya samu riga, wanda bai faɗa ba ya koma gida hannu rabbana.

To wa ya tsara jadawalin tun farko? Na maza ya samo asali ne daga kakin soja, musamman a yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, lokacin da aka buƙaci tufatar da dubban sojoji cikin gaggawa. Na mata ya zo daga baya. A 1939 ma'aikatar gona ta Amurka ta fara wani aiki ƙarƙashin Ruth O'Brien da William Shelton, inda aka auna mata wajen 15,000, kowace a wurare sama da hamsin, aka buga sakamakon a 1941. Sai dai awon fararen fata kaɗai aka yi lissafi da shi, na baƙaƙen mata da sauransu an ajiye shi gefe. A kan wannan aiki aka ɗora ma'aunin da gwamnatin Amurka ta fitar a 1958, wanda ita da kanta ta janye shi a 1983. Yau kowane kamfani da nasa jadawalin. Shi ya sa rigar da aka rubuta wa 12 a Ingila ita ce wajen 8 a Amurka, kuma XL ɗin da aka ɗinko a ƙasar Sin yakan fi na Turai ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Galibin ɗinkakkun kayan da ke rataye a shagunanmu daga waje suke zuwa, daga Sin, Turkiyya, Dubai da Indiya. Babu wanda ya zo Bomo, ko Tudun Wada, ko cikin birnin Zariya ya auna mu kafin ya yanka su. Saboda haka idan riga ta ƙi shiga, abin da hakan ke nufi kawai shi ne wanda ya yanka ta wani ya hango, ba ke ba.

Akwai kuma dalilin da ya sa lambobin suke tsayawa da wuri. Mai zayyana tufafi yakan fara ne da samfuri guda a ƙaramin awo, ya gwada shi a jikin siririyar mai tallan kaya. Idan ya yi masa, sai a riƙa ƙara ɗan faɗi da ɗan tsawo a jikin takardar da ake bi a yanka yadi, mataki-mataki, don a fitar da sauran lambobin. Wannan dabara tana aiki zuwa wani wuri ne kawai, domin jikin ɗan Adam ba ya ƙaruwa bai-ɗaya kamar balan-balan. Wata a damtse jikinta yake, wata a kwankwaso, wani a ciki, kuma mai faɗi ba lallai ya zama dogo ba. Idan aka ci gaba da ƙari a makance, sai ka ga hannun riga ya rufe yatsu amma hammata ta matse. Gyaran wannan sai an sake zana takardar yanka daga farko, an nemo mai jiki an gwada a kanta, an kuma ƙara yadi. Duk wannan kuɗi ne da lokaci, kuma kamfanoni da yawa ba sa son kashewa.

Shi ma ɗan kasuwarmu yana da nasa lissafin. Jarinsa kaɗan ne, dozin-dozin yake sarowa daga Kantin Kwari a Kano ko daga Legas, kuma babu abin da yake tsoro kamar kwantai. Sai ya cika shagonsa da lambobin da yake ganin sun fi tafiya. Mu masu jiki idan muka je sau ɗaya sau biyu muka rasa, sai mu daina zuwa. Shi kuma ya ce ai ba a tambaya. Haka abin yake ta zagayawa.

Amma ba duka ne lissafin kuɗi ba, akwai raini a ciki, kuma daga sama ya faro. Karl Lagerfeld, wanda ya jagoranci zayyanar gidan Chanel na Faransa daga 1983 har mutuwarsa a 2019, ya shaida wa wata mujallar Jamus a 2009 cewa ba wanda yake son ganin mata masu jiki a dandamalin nunin kaya. A 2016 'yar fim ɗin Amurka Leslie Jones ta koka a Twitter cewa masu zayyana sun ƙi yi mata rigar da za ta sa a bikin fara nuna fim ɗinta, Ghostbusters. Mace ce mai suna, mai kuɗin biya, amma ta rasa. Sai wani mai suna Christian Siriano ya amsa, ya ɗinka mata jar doguwar riga. A 2023 kafar Vogue Business ta ƙirga shigar kaya sama da 9,000 da aka nuna a manyan bukukuwan Niyok, Landan, Milan da Paris, ta gano waɗanda mata masu jiki suka saka ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Hotunan waɗannan bukukuwa su masana'antu ke kwaikwaya, su ne kuma suke biyowa har cikin wayoyinmu.

Duk da haka, a kowane zamani ana samun wanda ya ga abin da wasu suka ƙi gani. Lena Bryant tela ce da ta yi ƙaura daga Lituweniya zuwa Amurka, ta buɗe shago a Niyok a 1904. Ta fara suna da kayan masu juna biyu, daga baya ta shiga yi wa mata masu jiki ɗinkakkun kaya, kuma har yau kamfanin Lane Bryant yana nan. A nan gida, makon nunin tufafi na Legas, wanda Omoyemi Akerele ta kafa a 2011, ya ga mata masu jiki a dandamalinsa a 2016 bisa jagorancin Latasha Ngwube.

Wani zai ce, duk wannan dogon bayani a kan riga? Bari in ba ku labarin 'yar Kawuna. Bara tana ajin ƙarshe, 'yan matan ajinsu suka yanke shawarar yin anko na ranar bikin yaye su. Maimakon yadi, sai suka zaɓi wata ɗinkakkiyar doguwar riga da suka gani a waya, aka tara kuɗi aka yo oda. Da kaya suka iso, mafi girma a ciki zif ɗinta ya tsaya mata a tsakiyar baya. Wata a cikinsu ta ce cikin raha, “Ai saura wata biyu, ki rage cin tuwo.” Aka yi dariya aka watse, ita kuwa ta riƙe maganar. Ta daina karyawa, ta daina cin abincin dare, ta sayo wani shayin rage ƙiba da ba a san abin da ke cikinsa ba, duk a ɓoye. A lokacin kuma suna tsakiyar jarrabawar WAEC. Wata safiya jiri ya ɗebe ta a tsakar gida tana shirin fita rubuta takarda, sai da aka riƙe ta.

Da Goggo ta ji tushen maganar, ba ta yi faɗa ba. Ta ce a miƙo mata rigar, ta juya ta ciki da waje, ta ce, “'Yar nan, yanzu saboda wannan tsumman za ki kashe kanki? Tun da nake ban taɓa jin inda aka sassaƙe mutum don ya shiga riga ba.” Washegari ta ɗauki rigar zuwa Sabon Gari, ta bi layin masu yadi har ta samo wanda ya yi kama da ita, ta kai wa tela aka buɗe gefe da gefe aka ƙara. Aikin kwana biyu ne. Ranar biki babu wanda ya bambance tata da ta sauran. Amma makonnin da ta yi tana karatu da yunwa a lokacin jarrabawar da ta fi kowace muhimmanci gare ta, babu telan da zai dawo mata da su.

Abin da ya ƙara ɗaure kai shi ne, a ajin da ake tsokanar mai jiki, a nan ake tsokanar siririya. Wannan a kira ta buhun masara, waccan a kira ta sillan kara. Shi ya sa yayin da wata ke shan shayin ramewa, wata tana can tana haɗiyar ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe. Cikin waɗanda ake sha don wannan akwai dexamethasone, magani mai ƙarfi da likitoci ke bayarwa don wasu cututtuka. Shan sa barkatai na tsawon lokaci yana kumbura fuska, yana iya jawo hawan jini da ciwon suga, yana raunana ƙashi da garkuwar jiki. Kada ku fahimce ni a baibai: ƙiba mai yawa tana iya zama matsalar lafiya, haka rama mai yawa. Amma mai faɗin wannan likita ne, bayan ya duba mutum ya yi gwaje-gwaje. Mai shago ba likita ba ne, ɗan ƙyallen wuyan riga ma haka. Duk wadda nauyinta ke damunta, ta gaya wa iyayenta su kai ta asibiti, ga na koyarwa nan a Shika kusa da mu.

An ce da tsohuwar zuma ake magani. Ku dubi suturar da muka gada. Zane ba shi da lamba, mai ɗaura shi ce take ba shi awo kowace safiya, ko ta yi ƙiba, ko ta rame, ko tana da juna biyu. Haka gyale, haka ɗankwali. Wandon gargajiya da mazagi ake tsuke shi. Babbar riga kuwa, wadda Zariya ta yi suna wajen yi mata aikin hannu irin su aska biyu da aska takwas, yalwarta ita ce kwarjininta, kuma babu wanda ta fi yi wa kyau kamar mai cikar jiki. Kakanninmu daga mutum suke farawa, sannan su je ga yadi.

Ba ina cewa teloli ba su da nasu ba. Akwai wanda da ya ga mai jiki zai ce atamfa yadi shida ba za ta isa ba, ya ƙara kuɗin ɗinki tun kafin ya auna. Akwai wadda za ki nuna mata salon da kike so ta ce, “Wannan ba na irinku ba ne,” ta yanka miki bubu, ko kina so ko ba kya so. Ga kuma alkawarin Salla da kowa ya san yadda yake ƙarewa. Ba kuma ina cewa mu bar ɗinkakkun kaya ba. Ɗalibi yana buƙatar kayan wasanni, rigar sanyi, farar rigar ɗakin gwaje-gwaje, da abin da zai saya yau ya sa gobe. Haƙƙin mai jiki ne ya samu waɗannan kamar kowa, masu kyau, a farashin da bai zama horo ba.

Ga abin da nake ganin yana hannunmu. Da farko, kowa ya san awonsa. Ku sa tela ya auna ku, ku rubuta a bayan littafi da inci: kafaɗa, ƙirji, ƙugu, kwankwaso, damtse, tsawo. Idan za ku kasuwa ku tafi da tef, ku shimfiɗa rigar ku auna ta, ku manta da harafin da ke wuyanta. Idan oda za ku yi ta waya, ku ce mai sayarwa ya turo awon rigar da inci kafin ku tura kuɗi.

Na biyu, ku shugabannin aji da masu shirya bikin yaye ɗalibai, idan za a yi anko a zaɓi yadi, kowa ya kai wa telansa. Idan kuma dole sai ɗinkakkiya, kamar rigar da ake buga sunan aji a jiki, to a fara tambayar mai kawowa inda lambobinsa suka tsaya, a tabbatar mafi jiki da mafi ƙanƙanta a ajin duk za su samu, sannan a karɓi kuɗin kowa. Haka malamai masu rabon kayan makaranta da na wasanni, muna roƙonsu su tuna da wannan.

Na uku, idan kin shiga shago kin rasa, kada ki sunkuyar da kai ki fice. Ki ce, “Malam, babu babba? In ka je sari ka taho da shi, akwai masu saye.” Ɗan kasuwa abin da kunnensa ya ji yake sarowa. Idan mutum goma suka faɗa masa a wata guda, zai sake lissafi.

Na huɗu, mu bar sunayen nan. Wanda ya jefa kalmar ya manta kafin a tashi makaranta, wadda aka jefa kuwa ta tafi da ita gida ta kwana da ita. Samari ma abin yana cin su, shiru kawai suke yi.

Na ƙarshe naku ne, ku masu sha'awar ɗinki da zane. Kada ku raina darasin ɗinki da tufafi idan makarantarku tana yin sa. A nan Samaru, jami'armu da aka kafa a 1962 tana da sashen zayyanar kayan masana'antu, inda ake koyar da aikin yadi da saƙa, kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta fitar da irin audugar da ake kira SAMCOT. Ga auduga, ga ilimi, ga teloli a kowane layi. Abin da ya rage shi ne wanda zai ɗauki tef ya auna mutanen garin nan da yawa, ya rubuta, ya tsara jadawalin da ya fito daga jikinmu, ya ɗinka abaya da doguwar riga da jesi tun daga ƙarami har babba, duk launi ɗaya, salo ɗaya. Masu saye suna nan da kuɗinsu a hannu, sun gaji da yawo daga shago zuwa shago. Mai yiwuwa wadda za ta yi wannan aiki tana aji uku yanzu, tana karanta wannan shafi a lokacin tara. Idan ke ce, ki fara da 'yan ajinku, kuma ki fara da wadda aka saba cewa babu daidai ita. Allah Ya ba mu sa'a, Ya ba masu shirin jarrabawa nasara.